Zauren Iyaye: Ina Ake Samun Akwatin Kimiyya na Ƙananan Yara?



A shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantun Nijeriya a watan Maris, ƙananan yara suka yi wata shida ko fiye a gida. A lokacin ne iyaye da yawa suka koyi zama da yaro a kan tabarma suna koya masa karatu, waɗansu kuwa ba su bari ba har yau. Wani makaranta ta yi masa nisa, wani tashin hankali ya raba shi da garinsa, wani kuma yaronsa yana zuwa makaranta amma ajin ya cika maƙil, sai ya ga lalle ne ya ƙara masa da yamma. Baƙi da wasali uwa takan iya koyarwa, ƙirga da tarawa uba yakan iya. Amma da an zo kan kimiyya sai gaba ya faɗi. Domin wannan, tambayar da iyaye suka fi yi mini a 'yan watannin nan ita ce, “Malam, ina ake sayar da akwatin kimiyya irin wanda muke gani a waya, nawa ne kuma?”

Kafin in amsa, bari in faɗi wani abu sau ɗaya in wuce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye a Nijeriya su ga yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Abin da muke magana a kai a nan ƙari ne bisa makaranta, ko kuwa madogara ga wanda makaranta ta gagare shi tukuna. Yaran da nake nufi su ne 'yan shekara 5 zuwa 8, watau 'yan aji ɗaya zuwa uku.

Akwatunan da kuke gani a waya, da yawansu daga Amurka suke. A can doka ta yarda da koyar da yara a gida a jihohinsu 50 duka, yara fiye da miliyan ɗaya kuma a gida suke karatu, saboda haka kasuwar irin kayan nan ta buɗe. Akwai kamfanin KiwiCo, wanda wata uwa mai suna Sandra Oh Lin ta kafa a Kalifoniya a 2011. Kowane wata sukan aika wa yaro kwali mai kayan aiki guda a ciki, bisa ga shekarunsa. Akwai kuma Snap Circuits na kamfanin Elenco, watau guntayen kayan lantarki masu maɓalli irin na riga. Yaro ya haɗa wannan da wancan, fitila ta kama ko farfela ta juya. Ƙaraminsa yana da ayyuka wajen 100, da batir biyu yake aiki, an kuwa rubuta a kwalinsa na 'yan shekara 8 zuwa sama ne.

Ba na kushe su. Kaya ne masu kyau, wanda yake da ɗan'uwa a waje da zai riƙo masa, madalla. Amma da dala ake sayensu, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan, kafin kwali ya iso ƙofar gida ya cinye kuɗin littattafan zango guda. A kasuwanninmu kuma akwai waɗansu marasa sunan kamfani, kwali mai ƙyalli da hoton yaro da farar riga da tabarau. Ka buɗe, ka sami ɗan dutsen roba da ƙunshin gari biyu. A zuba, kumfa ya tashi, yara su yi tafi, shi ke nan an gama. Gobe yaro ya ce a sake, gari ya ƙare. Ka tambaye shi me ya sa kumfa ya tashi, bai sani ba, gama kallo ya yi.

Akwai wata matsala da ba a ganewa sai an fara karanta takardar da take cikin kwalin. An rubuta ta ne domin yaron da yake zaune a ƙasar sanyi. Za a ce ya tara ganyayen da suka yi ja lokacin kaka, ya narkar da dusar ƙanƙara a kofi, ya nemo jan kabeji. Har za a gaya masa inuwa da tsakar rana arewa take fuskanta. A Amurka da Ingila haka ne kusan ko'ina, a Jos ko Kano ko Damagaram kuwa ba haka ba ne dukan shekara. Zan komo kan wannan a gaba.

Abin da yaro yake bukata

Yaro ɗan shekara 6 ba ya bukatar sunayen sinadarai. Abin da yake bukata shi ne ya duba abu da kyau, ya taɓa shi, ya ware masu kama da juna, ya auna, ya ce “ina tsammani kaza zai faru,” sa'an nan ya gwada ya gani ko haka ne. Duk akwatin da ya ba shi wannan ya biya kuɗinsa, ko da kwalin sabulu ne.

Wannan ba sabon tunani ba ne, ba kuwa tunanin rashin kuɗi kaɗai ba ne. A 1965 aka yi taro a Kano inda aka kafa shirin koyar da kimiyya a firamaren ƙasashen Afirka. Darasin da ya fi suna cikin waɗanda shirin ya fitar, a kan ɗan ƙwaron nan ne da yake haƙa rami kamar mazurari a cikin rairayi, a gindin bango ko ƙarƙashin rumbu, mai tafiya da baya. Kowane gari da sunan da yara suke kiransa. Yaro ya tambayi malam, “Me yake ci? Yana gani? In an sa shi cikin gari maimakon rairayi zai haƙa rami?” Malam ba ya ba da amsa, sai ya ce a je a tambayi ƙwaron. Yadda ake tambayarsa kuwa shi ne a sa shi a kwano, a jefa masa tururuwa, a sake masa ƙasa, a zuba ido. Kayan aikin darasin nan duka, ƙwaro ne da kwano da rairayi. Kafin wannan, a 1956, hukumar UNESCO ta buga littafin gwaje-gwaje na malamai, wanda asalinsa ɗan littafi ne da aka rubuta domin makarantun da Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe, inda ba sauran ko kwalba guda ta ɗakin gwaji. Kusan kome a cikinsa da gwangwani da kwalba da zare ake yi. George Washington Carver ma, baƙar fatan Amurka wanda ya yi suna a binciken gyaɗa, da ya isa makarantar Tuskegee a jihar Alabama a 1896 bai tarar da ɗakin gwaji ba. Shi da ɗalibansa suka bi juji suna tsintar kwalabe da gwangwanaye, da su suka fara.

To, ga shawarata. Ku nemi kwali mai ƙarfi ko tsohuwar akwatin ƙarfe, ku haɗa naku. Abubuwa huɗu kaɗai nake so ku fitar da kuɗi a kansu.

Na fari maganaɗisu ne, shi ne sarkin akwatin. Ku je wurin mai gyaran rediyo ku roƙi matacciyar lasifika. A bayanta akwai baƙin maganaɗisu mai kama da awarwaro. Yana da girma, yaro ba zai iya haɗiye shi ba, amma yakan fashe in ya faɗi a siminti. Ku tara wa yaro ƙusa, da cokali, da tsinke, da murfin kwalbar lemo, da guntun wayar jan ƙarfe, da gwangwanin madara, da gwangwanin lemo, da murfin tukunyar alminiyam. Kafin ya taɓa maganaɗisu, ya raba su kashi biyu: waɗanda yake tsammani za su kama, da waɗanda ba za su kama ba. Kusan kowane yaro zai sa duk abin da yake ƙyalli a gefe guda. Sai ya gwada. Gwangwanin madara ya manne, gwangwanin lemo ya ƙi, jan ƙarfe ya ƙi, murfin tukunya ya ƙi. Ku dubi fuskarsa a lokacin. Ya gane da hannunsa cewa ba kowane ƙarfe ne baƙin ƙarfe ba, ba wanda ya gaya masa. Wata rana bayan ruwan sama ku sa maganaɗisun cikin leda, ya ja shi a cikin rairayin da ruwa ya kwanta, inda ake ganin baƙin layi-layi. A wurare da yawa zai ɗauko baƙin gari mai tsayawa kamar gashi, watau ƙarfen da yake cikin ƙasa. Amfanin ledar, da an zare maganaɗisun garin ya zube. In kuka goga allura a jikinsa sau 30, kullum ta fuska ɗaya, kuka ɗora ta a kan ɗan ganye bisa ruwa a kwanon roba, za ta juya a hankali ta tsaya tsakanin arewa da kudu. A juya kwanon, ta sake komawa. Sai dai a ajiye maganaɗisun nesa da agogo da katin banki.

Na biyu gilashin ƙara girma ne, irin na masu gyaran agogo da waya. Akan same shi a kantin littattafai. Da shi yaro zai ga ƙwayar gishiri tana da kusurwa huɗu kamar ɗan akwati, zanen yatsansa ya bambanta da na ƙanwarsa, zaren zane a saƙe yake, ƙafar fara tana da ƙaya. Kafin ku samu, ɗigon ruwa guda a kan farar leda bisa rubutun jarida yana ƙara girman baƙaƙe. Doka biyu ce a kan gilashin nan: ba a duban rana da shi daɗai, ba a kuma barinsa a rana kusa da ciyawa ko katifa, gama yana ta da wuta.

Na uku batir biyu na tocila ne, da guntayen waya, da ƙwan fitila daga matacciyar tocila. Kowane batir bolt ɗaya da rabi ne, ba ya jan mutum. Ƙananan ƙwayayen tocilar zamani sai da batir biyu a jere suke kamawa, kuma suna da gaba da baya. In bai kama ba a juya ƙafafunsa. Da fitila ta kama, a yanke hanyar a wuri guda, yaro ya riƙa cike giɓin da cokali, da kara, da roba, da bakin fensir, da ruwan gishiri, ya ga wanne ne wuta take bi. Kada a haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye, wayar takan yi zafi.

Na huɗu kayan awo ne: rula, da sabon sirinji marar allura na mililita 10 daga kemis. Sirinjin nan ya fi yadda ake tsammani amfani. Yaro ya toshe bakinsa da yatsa ya danna. In iska ce a ciki za ta matsu ta turo hannunsa, in ruwa ne ba zai motsa ba. Sikeli kuwa ku yi da kanku, da sanda da zare da gwangwanin tumatir biyu, murafun kwalba su zama duwatsun awo. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, saboda haka ledar ruwan sha ta rabin lita rabin kilo ce, ga ma'auni kyauta.

Sauran yana madafa

Jan kabejin da littattafan waje suke cewa a nemo, domin launinsa ne, wanda yake sakewa in ya gamu da tsami ko da abu mai halin kanwa. Zoɓo yana da irin wannan launi. Uwa ta jiƙa ɗan zoɓo a ruwan zafi, ya huce, a tace, a ƙara ruwa har ya yi fes, a raba a kofunan gilashi huɗu. Na fari a bar shi yadda yake, domin a riƙa gwadawa da shi. Wannan kofi da ba a taɓa ba shi ne mafi muhimmanci, ko da yake yara sun fi ƙin sa. A na biyu a matsa lemun tsami, ja ya ƙara haske. A na uku a zuba ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, sai ya yi duhu ya juya wajen kore-kore. A na huɗu yaro ya zaɓi abin da zai gwada, ko ruwan toka, ko ruwan sabulu, ko tsamiya, ko gishiri, amma ya faɗi tukuna launin da yake tsammani. Sa'an nan a komo kan kofi na uku a matsa masa lemun tsami. Zai yi 'yar tsuwa da ƙananan kumfa, ja kuma ya dawo. Kumfan nan iska ce da take fita sa'ad da tsami ya gamu da kanwa, irin iskar da take cikin lemon kwalba; ita ce kuma take ta da dutsen robar nan na kasuwa.

Kowace uwa da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa domin ta kashe tsami ta riga ta san wannan darasi, sunansa ne kawai ba ta sani ba. Ina faɗin haka domin uwayen da sukan ce mini, “Ni ban yi boko ba, Malam.” Mama, ke ce kika san yawan kanwar da take isa, kika san dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Randa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, ruwan yana bin iska, yana tafiya da zafi. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, a kan wannan ya tsaya. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai tumatir da gauta suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan. Yaro zai iya gwada ƙaraminsa da kwalabe biyu na ruwa, ɗaya a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya da busasshe, a ajiye su a inuwa inda iska take bugawa. Bayan awa guda ya taɓa. Da rani abin ya fi fitowa, da damina kuwa ba sosai ba, gama iska ta riga ta ƙoshi da ruwa. Wannan ma tambaya ce mai kyau a bar masa.

Wake uku a kwalbar gilashi, a matse su a jikin gilashin da jiƙaƙƙiyar auduga, cikin kwana uku zuwa biyar saiwa za ta fito. Ita take fara fitowa, ƙasa kuma take nufa. A kwantar da kwalbar, ta lanƙwasa ta sake nufar ƙasa. A shuka masara kusa da shi, yaro ya ga wake ya tsage biyu, masara kuwa ta fito da tsinke guda. Da hunturu, mataji na roba da aka goga a gashi yana ɗaukar guntayen takarda, har ya karkatar da siririn ruwan da yake zuba daga buta. Mu da muke da busasshiyar iskar hunturu wannan gwaji ya fi yi mana kyau fiye da mutanen bakin teku. Da damina a ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, a auna ruwan sama da rula kowace safiya.

Yadda ake zama da yaro ya fi kayan muhimmanci. Rabin awa sau ɗaya a mako ya isa, abu guda kuma a rana. A sake abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji. In wake ɗaya yana duhu ɗaya yana haske, to, ruwansu ya zama daidai. A ba shi littafin rubutu na musamman, ya sa kwanan wata, ya zana abin da ya gani, ya faɗi jimla guda, a rubuta masa in bai iya ba tukuna, ko da Hausa ko da harshen gidanku. In gwaji ya ƙi, kada a ɓoye, a rubuta ya ƙi, a nemi dalili. Ku iyaye maza, ina roƙonku, ku sa hannuwanku a aljihu. Uba yakan ga fitila ta ƙi kamawa, ya karɓe waya ya haɗa da kansa, yaro ya koma ɗan kallo a cikin darasinsa. Kada kuma a aiki 'ya mace ɗebo ruwa a daidai lokacin da ɗan'uwanta yake riƙe da maganaɗisu. Ita ma ta riƙe.

Abubuwan da ba sa shiga akwatin

A nan ina so ku karanta a hankali, gama maganar rai ce. Ƙaramin batir mai faɗi kamar kwabo, irin na agogo da na kayan wasa masu walƙiya, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. In kuna ko zato ne, ku tafi asibiti nan take, kada ku sa shi amai, kada ku jira ku ga ko zai fita. Ƙananan maganaɗisu masu ƙyalli, masu ƙarfi ƙwarai, waɗanda suke zuwa kamar duwatsun wuya, in an haɗiye biyu sukan kama juna ta cikin hanji su huda shi. Haka kuma 'yan ƙwallayen nan masu launi da suke kumbura cikin ruwa, sukan kumbura a cikin ciki su toshe hanji. Dukan ukun nan akan same su a cikin kwalayen da ake sayarwa da sunan kimiyya. Ku tuna gidan da yake da ɗan shekara 6 yawanci yana da mai rarrafe.

Soda ta yin sabulu, da kananzir, da fetur, da ruwan batirin mota, da maganin ƙwari, ba ruwansu da darasin yara, kada kuwa a zuba su a kwalbar lemo ko ta ruwan sha. Ba a fasa batir a ga cikinsa. Wutar bango, wadda har yanzu muke kira wutar NEPA, bolt 230 ce, tana kisa. A gaya wa yaro a fili cewa wasan waya a kan batirin tocila ya tsaya. Wuta da ruwan zafi da wuƙa aikin babba ne. Abin da aka yi gwaji da shi kuma ba a sha, ko da zoɓo ne. Akwatin ya zauna a bisa, inda sai babba ya sauko da shi.

In duk da haka kuna so ku sayi na kanti, ku sa mai kanti ya buɗe ku gani. Ku duba shekarun da aka rubuta. Kwalayen sinadarai yawanci na 'yan shekara 8 ko 10 zuwa sama ne, hoton fuskar jariri da jan layi a kai kuwa yana nufin bai dace da wanda bai kai shekara 3 ba. Ku tambayi kanku ko za a iya yin aikin sau goma, ko abin da zai ƙare a ciki ana samunsa a kasuwarku, ko kuma yaro ne zai yi ko ku ne za ku yi yana kallo. Akwati mai maganaɗisu da gilashi da madubi da sikeli ya fi mai garin launi iri shida, ko da kwalinsa bai kai shi kyau ba. Gidaje huɗu ko biyar na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi guda, ya riƙa zagawa mako-mako, a rubuta kayan ciki a jikin murfi domin a ƙirga kafin a miƙa. Makarantu kuwa su sani akwai cibiyoyin ƙera kayan kimiyya na gwamnatin tarayya a Minna da Enugu, ƙarƙashin hukumar NASENI, waɗanda suke yin kayan gwaji na makarantu. Shugaban makaranta ya rubuta ya tambaya.

Madubin likita, wanda iyaye da yawa suke sha'awa, a dakata da shi. Na roba masu araha sukan ba da hoto dishi-dishi, yaro ya gaji ya ture. Akwai wani mai suna Foldscope, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski na Jami'ar Stanford suka bayyana a 2014. Da takarda mai kauri da 'yar ƙwayar gilashi aka yi shi, yana ƙara girma sau 140, kuɗin kayan haɗa shi kuwa bai kai dala guda ba. Abu ne mai kyau, amma shirya abin da za a duba a ciki yana bukatar hannu mai natsuwa. A bar shi sai yaro ya kai aji huɗu ko biyar.

Yanzu ga maganar inuwa, ita ce kuma aikinku na wannan wata. A kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili inda ba mai tuntuɓe da ita, a tabbata ta tsaya sak. Ranar Asabar yaro ya sa tsakuwa a ƙarshen inuwar kowace awa, daga safe har yamma. Inda inuwa ta fi gajarta, nan ne tsakar rana ta gaskiya, za ku ga kuwa ba ƙarfe 12 daidai ba ne. A Jos ko Kano sai kusan sha biyu da rabi. Ya auna tsawonta da rula, ya duba da allurarsa mai iyo ko arewa ta nufa ko kudu, ya rubuta. A maimaita awon tsakar rana kowace Asabar. A ƙasashenmu na arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, daga ƙarshen Agusta har tsakiyar Afrilu inuwar arewa take kwantawa, ta fi tsawo kuma a watan Disamba. A rabin Afrilu na biyu za ta yi ta gajarta har wata rana ta ɓuya a gindin sandar, gama rana ta tsaya daidai bisa kai. Daga nan ta ɓullo ta kudu, ta zauna can watan Mayu da Yuni da Yuli, sa'an nan a rabin Agusta na biyu ta sake ɓuya ta koma arewa. Kada ku gaya masa wannan tukuna, ku bar littafinsa ya cika.

Watan gobe, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake koya wa ɗan aji ɗaya karanta agogo.